Kumfar Magarya da Aduwa: Yadda Sukari Ke Sulhunta Ruwa da Mai

Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka ko Bukkuyum ko Gummi, inda Gulbin Zamfara ke ratsa fadamu yana gangarawa yamma har ya shiga Jihar Kebbi, ya san cewa in aka daka busasshen ganyen magarya aka zuba a ƙwaryar ruwa aka kaɗa da hannu, kumfa takan taso ta rufe ruwan, alhali kuwa ko ɓarɓashin sabulu ba a sa a ciki ba. Ya kuma ji, ko da daga bakin tsofaffi ne, cewa ɓawon aduwa da saiwarta suna yin irin wannan kumfa, har mutanen da sukan wanke tufafi da su tun sabulun kanti bai zo ƙasar ba. Magarya kuwa tana da wata daraja ta daban a wurin Musulmi, domin ya tabbata a hadisin Ummu Aɗiyya cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci matan da suka yi wa 'yarsa wanka bayan rasuwarta su yi amfani da ruwa da magarya, kuma har yau da ganyenta ake yi wa mamatanmu wanka.

Wannan kumfa alama ce ta wani babi mai zurfi na ilmin kimiyya, wanda masana a Jamus da Ingila da Suwidin suka shafe fiye da shekara 100 suna bincikensa, masana'antu kuma suka zuba dukiya mai yawa domin su ƙera irin abin da Allah Maɗaukakin Sarki ya riga ya ajiye a jikin waɗannan itatuwa. Sinadarin da ke sa magarya da kurna da aduwa kumfa, wanda masana ke kira safonin, sashensa sukari ne, sashensa kuwa dangin mai ne; shi da 'yan'uwansa da ake haɗawa a masana'anta suna da wani hali na ban mamaki in an tsarma su cikin ruwa mai yawa, kuma wanda ya fahimci wannan hali zai gane cewa aikin wanki, da feshin gona, da ma wani sashe na magani, duk bisa haddi da mizani suke tafiya, ba bisa yawa ba.

Gabar ruwa da mai

Asalin mas'alar shi ne ruwa da mai ba su jituwa. In aka zuba man gyaɗa cikin ruwa aka girgiza, sai ya farfashe ya yi ɗigo-ɗigo, da an ajiye shi kuwa sai ya sake haɗuwa ya taso sama. Sababin haka yana cikin halittar ruwan kansa, domin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwa, waɗanda ido ba ya iya gani, suna riƙe da juna da ƙarfi ƙwarai, kowace tana jan maƙwabtanta, har ba su yarda su buɗe wa baƙon da ba zai iya irin wannan riƙo da su ba. Mai kuwa ba ya iyawa, saboda haka sai su ture shi gefe. Wannan riƙo ne kuma ke sa fuskar ruwa ta yi wata 'yar tauri, wadda ƙwari ke tafiya a kanta a tafki ba su nutse ba, wadda kuma ke sa ruwa ya dunƙule a kan sabon yadi ya ƙi shiga cikin zarensa. Masana suna da ma'aunin wannan tauri, kuma a ruwa tsantsa sukan sami 72.

To, datti mai wuyar fita kusan kullum yana tare da maiƙo: maiƙon jiki a wuyan riga, man kaɗe a kan gashi, man miya a jikin akushi, kuma ƙura a jikin wannan maiƙo take mannewa. Tun da ruwa kaɗai ba ya ɗaukar maiƙo, lalle ne a sami mai shiga tsakani, watau ƙwaya mai fuska biyu, wadda gefenta ɗaya ke son ruwa, ɗaya gefen kuma ke son mai. Masana suna kiran gefen da ke son ruwa kai, gefen da ke gudun ruwa kuwa wutsiya, ita wutsiyar sarƙa ce ta zarrar kabon a jere, takwas ko goma ko goma sha biyu ko fiye. Jinsin gaba ɗaya ana ce masa safaktan, mu kuwa za mu kira su masu sulhu, tun da aikinsu ke nan.

Sabulun salo da matanmu ke dafawa, daga ruwan toka da man kaɗe ko man gyaɗa ko kitse, shi ma mai sulhu ne, sai dai kansa gishiri ne mai ɗauke da cajin lantarki. Bambancin waɗanda muke magana a kansu shi ne, kansu sukari ne, wanda ba shi da caji, yana kama ruwa ne da irin riƙon da ƙwayoyin ruwa ke yi wa junansu, dalilin da ya sa sukari ke narkewa cikin shayi nan da nan. A safonin na aduwa, alal misali, kan ya ƙunshi sukari iri-iri a haɗe, daga ciki har da gulukos, sashen da ke gudun ruwa kuwa wani sinadari ne mai tauri wanda ya yi dangantaka da kolestarol.

Haddin dunƙulewa

Malamanmu na fiƙihu, tun daga Ishmawi zuwa Risala, sun daɗe suna tambayar yaushe ne ruwa ke fita daga asalinsa, suka hukunta cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da abu mai tsarki irin sabulu, ya halatta a yi al'ada da shi, amma ba a ibada da shi. Masana kimiyya sun tunkari wata tambaya maƙwabciyar wannan ta tasu hanya, suka ce: in aka riƙa ƙara mai sulhu kaɗan-kaɗan cikin ruwa mai yawa, ana aunawa a kowane mataki, me ke faruwa a ciki?

Amsar da suka samu ita ce, da farko ƙwayoyin suna yawo ɗai-ɗai, kuma da yake wutsiyarsu ba ta son ruwa, sai su riƙa gudu zuwa fuskar ruwan, su jeru kai a ciki wutsiya a waje. Wannan jeri ne ke karya taurin fuskar, har ya sauko daga 72 zuwa kusan 30, sai ruwa ya sami ikon jiƙa yadi ya shiga tsakanin zare da zare, iska kuma ta sami ikon zama cikin kumfa ba ta fashe nan take ba. Ana nan ana ƙarawa, har a kai wani matsayi da fuskar ruwan ta cika, babu sauran gurbi, sa'an nan sai wani sabon al'amari ya ɓullo: ƙwayoyin da suka rasa wuri sai su taru gomiya-gomiya, wani lokaci fiye da ɗari, su yi dunƙule, kawuna a waje suna fuskantar ruwa, wutsiyoyi a ciki sun ɓuya daga gare shi. Misalinsu kamar garken shanu ne da ya ji motsin kura, ya yi da'ira, ƙahoni na kallon waje, maruƙa suna tsakiya. Maiƙon da aka ɓamɓaro daga jikin riga shi ne ke shiga tsakiyar, ya tafi da ruwan ɗauraya.

Wani masani mai suna James McBain, wanda ya yi aiki a Jami'ar Biristol ta Ingila, shi ne ya yi bayanin waɗannan dunƙulallu a cikin ruwan sabulu a 1913, a lokacin da masana da yawa ba su yarda da shi ba, sai daga baya awo ya gaskata shi. Ƙanƙantarsu kuwa ta wuce misali, domin in aka raba milimita ɗaya gida miliyan, faɗin dunƙule ɗaya bai wuce kashi biyar ko makamancin haka ba, shi ya sa ruwan yakan zauna garau ido bai ga kome ba.

Matsayin da dunƙulewa ke farawa shi ne za mu kira haddin dunƙulewa, kuma kowane mai sulhu da nasa. Wanda kansa gulukos ne guda, wutsiyarsa kabon 8, yana bukatar kimanin giram 7 a lita ɗaya ta ruwa kafin ya fara dunƙulewa. In aka ƙara wa wutsiyar kabon biyu ta zama 10, sai haddin ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin goma na wancan, watau bai kai giram guda ba. Wanda kuwa kansa maltos ne, sukarin da ke cikin tsiron dawa da gero, wutsiyarsa kuma kabon 12, giram 2 da 'yan kai sun ishe shi a jarka mai lita 25. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon tsawon wutsiya, gwargwadon ƙin ruwanta, gwargwadon saurin neman mafaka. Faidar sanin wannan haddi kuwa babba ce: ƙasa da shi ruwan ba ya da inda zai ɓoye maiƙo, bisa da shi kuma taurin fuskar ruwa ba ya ƙara sauka ko nawa aka zuba, sai dai yawan dunƙulallun ya ƙaru, kuma da zarar sun ishi dattin da ke akwai, duk abin da aka ƙara ya zama almubazzaranci da wahalar ɗauraya.

Zarra guda mai raba ruwa biyu

A nan ne masu kan sukari suka nuna wani hali da ya ba masana mamaki. Hankali zai ɗauka cewa abin da ya narke cikin ruwa kaɗan, lalle zai fi narkewa cikin ruwa mai yawa, amma binciken da aka yi a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a shekarun 1990 ya nuna cewa ba kullum haka yake ba. Mai kan gulukos da wutsiyar kabon 8, da mai kabon 9, suna gauraya da ruwa su zama abu guda garau; amma mai kabon 10, wanda zarra ɗaya tak ta bambanta shi da ɗan'uwansa, in aka tsarma shi sai ruwan ya gurɓace, in aka bar shi ya kwanta kuma sai ya rabu gida biyu, kowane sashe ruwa-ruwa ne, ɗaya ya kwashe kusan dukan sinadarin, ɗaya kuwa kusan ruwa ne zalla; abin da ya fi ban mamaki, in aka ƙara sinadarin ya yi kauri sosai, sai rabuwar ta gushe, ya koma abu guda.

Bayanin wannan yana komawa ga siffa. In kai babba ne wutsiya kuma siririya, ƙwayoyin sukan jeru su ba da dunƙule mai kewaye. In kuwa kai ya yi ƙanƙanta a kan wutsiyarsa, ba zai iya rufe kewayen ba, sai dunƙulen ya miƙe ya zama dogon zare mai lanƙwasa. In wutsiyar ta ƙara girma, sai zaren ya fara rassa, reshe ya kama reshe, har su saƙa raga guda. Ita wannan raga tana da iyakar buɗewar da za ta iya, saboda haka in aka ba ta ruwan da ya fi ƙarfinta, sai ta riƙe abin da za ta iya riƙewa, ta tofar da saura. Hujjar da ke ƙarfafa wannan bayani ita ce, in aka ba wutsiyar nan mai kabon 10 kai mai sukari biyu, watau maltos, rabuwar ba ta aukuwa. Haka kuma in aka gauraya ta da 'yar'uwarta mai kabon 9, ko aka ɗiga mata kaɗan daga masu sulhu masu caji, waɗanda kawunansu ke ture juna, sai ragar ta warware ruwan ya washe. Wannan ne dalilin da ya sa masu haɗa sabulun ruwa da na wanke gashi ba safai suke dogara ga sinadari guda ba, sukan gauraya biyu ko uku domin kada kwalba ta rabu a kan kanta tun kafin ta kai hannun mai saye.

In aka bar tsarmamme aka nufi kauri kuwa, akwai wasu halaye a gaba, domin a wasu daga cikin waɗannan sinadarai zarurrukan sukan jeru, shida kewaye da ɗaya, su zama wani abu mai danƙo, daga bisani kuma su koma shimfiɗa bisa shimfiɗa da ruwa a tsakani. Laushin nan mai santsi da ke bayyana a jikin sabulun da aka manta cikin ruwa daga wannan babi yake. Masana sukan zana dukan waɗannan halaye a taswira guda, yawan sinadari a gefe ɗaya, zafi a ɗaya gefen, ta yadda mai aiki zai duba ya san a inda haɗinsa ya faɗa.

Sanyi, zafi da halin rijiya

Matan da ke wanki da asubar hunturu sun san cewa sabulu yakan yi taurin kai a ruwan sanyi, ya ƙi narkewa ya ƙi kumfa. Wani Bajamushe, Friedrich Krafft, ya yi tahaƙiƙin wannan a ƙarshen ƙarni na 19, ya nuna cewa kowane sabulu yana da wani matakin zafi wanda ƙasa da shi ya fi son ya zauna daskararre, bisa da shi kuwa sai ya narke farat ɗaya ya shiga dunƙulewa. Sabulun salo ya fi laushi da saurin narkewa saboda tokar tsirrai fotasiyam ne ya yi mata yawa, sabulun kanti mai tauri kuwa da sodiyam ake yinsa.

Akwai kuma wani babban jinsi na masu sulhu marasa caji, wanda akasari daga man fetur ake samo kansa, shi matsalarsa zafi ce: da ruwa ya ɗumama sai kan ya saki ruwan da yake riƙe da shi, haɗin ya yi gizo-gizo ya rabu, har akwai wanda ke yin haka a digiri 23 kacal, zafin da bai wuce rabin na bazarar Zamfara da yawa ba. Masu kan sukari kuwa, da yake riƙon da sukari ke yi wa ruwa mai ƙarfi ne, zafi bai cika jirkita halinsu ba, kuma wannan falala ce babba ga ƙasar da kaya ke kwana a shagon kwano a watan Afrilu.

Sai kuma halin ruwan kansa. Akwai rijiyoyin da aka sani da cin sabulu, a goga a goga kumfa ta ƙi tashi, sai wani farin dussa ya taso ya manne a jikin bokiti, tufafi kuma su bushe da tauri. Illar tana ga kalsiyam da magniziyam da ruwan ya kwaso daga duwatsun da ya ratsa, musamman inda akwai dutsen farar ƙasa irin na Kalambaina kusa da Sakkwato, wanda ake siminti da shi. Su kalsiyam da magniziyam suna da cajin da ya saɓa wa na kan sabulu, sai su kama shi su daskarar da shi, kuma sai an gama biyansu kafin saura ya fara aiki. Kan sukari ba shi da cajin da za a kama, saboda haka ba ya mutuwa irin wannan mutuwa, ko da yake gishiri mai yawa yana iya gurɓata masu dogayen wutsiya daga cikinsu.

Daga itace zuwa masana'anta da asibiti

Wanda ya fara haɗa sukari da sarƙar kabon da hannun ɗan Adam shi ne Emil Fischer na Jamus, a 1893, mutumin da ya sami kyautar Nobel a 1902. Amma sai da aka yi kusan shekara 100 kafin a iya yin abin da yawa kuma da araha, lokacin da kamfanin Henkel ya buɗe masana'anta a Sinsinati ta Amurka a 1992, da wata a Duseldof ta Jamus a 1995. Kayan haɗin kuwa duk daga gona suke: gulukos daga sitacin masara ko alkama ko dankali, wutsiya kuma daga man kwakwa ko man ƙwarar manja. An karɓi masu kan sukarin nan hannu bibbiyu saboda ba su da zafi a fata, ƙwayoyin halittar ƙasa da na ruwa kuma suna cinye su da sauri bayan an zubar.

Safonin na itatuwa shi ma yana da tarihinsa. A 1933 wani likita mai suna Archibald, wanda ke aiki a Sudan, ya ba da rahoton cewa 'ya'yan aduwa in suka jiƙa a ruwa suna kashe katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, har ya ba da shawarar a dasa aduwa a bakin tafkuna. A 1964 kuma wani masani ɗan Habasha, Aklilu Lemma, ya lura da matattun katantanwa a ƙasan inda mata ke wanki da 'ya'yan wata shuka mai kumfa da suke kira endod, ya shafe shekaru yana bincike a kanta.

Abin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna R21, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2023, Nijeriya kuma ta fara yi wa yara a watan Disamba na 2024 a jihohin Bayelsa da Kebbi, maƙwabciyar Gummi. A cikin wannan allura akwai wani mataimaki mai zaburar da garkuwar jiki, wanda aka yi da safonin da aka tace daga ɓawon wata itaciya ta ƙasar Chile. An gauraya shi da kolestarol da wani nau'in mai, sai ƙwayoyin suka tsara kansu da kansu bisa ƙa'idar nan ta kai a waje wutsiya a ciki, suka zama 'yan ƙananan ƙawanya, kuma abin da ake sa wa yaro daga ciki kashi 50 ne cikin miliyan na giram ɗaya. Dubi yadda dangin kumfar magarya ya zama sababin kare ran yaro, da aka san haddinsa aka tsaya a kai.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

Wajibi ne a faɗi ɗaya gefen maganar, domin ƙarfin da ke sa safonin ɓamɓare maiƙo shi ne ke sa shi huda fatar ƙwayoyin halitta, tun da ita ma da mai aka gina ta. In ya shiga jini kai tsaye yana fasa jajayen ƙwayoyinsa, in ya yi yawa a ruwa kuma yana lalata abin numfashin kifi, shi ya sa tun da ake daka ɓawon aduwa a zuba a gurbi domin kifi ya taso. Wannan al'ada ɓarna ce, domin ba ta bar babba ba ta bar ƙarami, kuma masuntan Gulbin Zamfara su ne farkon waɗanda za su yi hasara in iri ya ƙare. Haka kuma kada wani ya ji labarin allurar nan ya ɗauka jiƙon aduwa zai yi masa rigakafin zazzaɓi, domin tsakanin tataccen magani da aka auna da jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba akwai tazara mai nisa.

Manoman fadama su ma maganar ta shafe su, domin magungunan feshi suna zuwa da masu sulhu a cikinsu, har da masu kan sukari a wasu magungunan kashe ciyawa, waɗanda aikinsu shi ne su sa ɗigon ya baje ya kama ganye maimakon ya gangare. An auna yawansu ne bisa adadin ruwan da aka rubuta a jikin kwalba, saboda haka wanda ya tsarma fiye da kima domin maganin ya kai masa, da wanda ya ninka domin ya yi ƙarfi, da wanda ya haɗa da ruwan kududdufi mai laka, duk sun fita daga mizanin da aka gina maganin a kansa.

Amma babu inda darajar wanki ta bayyana kamar a musibar gubar dalma. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gane girman abin a Bagega. Sababin kuwa shi ne dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsa ta bi ƙasa da tufafi da hannuwan yara ta shiga bakinsu, har aka rasa yara kimanin 400. Maganin da ya yi aiki shi ne kankare ƙasar saman gidajen a kawo sabuwa, da fitar da niƙan dutse daga gari, da ba yara maganin da ke janye dalma daga jini. Aikin Bagega sai a 2013 aka yi shi. Sabulu ba ya kashe dalma, ba ya kuma fitar da wadda ta riga ta shiga jiki, kuma ko da yake masana sun gwada wanke gurɓatacciyar ƙasa da safonin a ɗakunan bincike, ba wannan hanya aka bi a Zamfara ba. Abin da sabulu ke iyawa shi ne ya ɗauke ƙurar da ta manne a maiƙon fata da zaren tufa, wadda ruwa kaɗai ke bari a baya, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne: mai haƙar ma'adini ya yi wanka da sabulu ya sauya tufafi kafin ya shiga gida, a wanke kayan aikinsa daban da na iyali, a wanke hannun yaro da sabulu kafin a ba shi abinci.

Saura kira ga ma'abota ilmi. Muna da Jami'ar Tarayya a Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma awon haddin dunƙulewa ba ya cikin ayyukan da ke bukatar na'urori masu tsadar gaske. Ya kamata ɗalibanmu na kimiyya su ɗebo ruwan rijiyoyin Anka da Bukkuyum da Gummi, su auna halin safonin na magarya da kurna da aduwa a cikinsa, a sanyin hunturu da zafin bazara, su rubuta sakamakon da Hausa domin mai dafa sabulu da manomi su amfana. Mu kuma sauran jama'a, haƙƙin da ke kanmu shi ne mu daina sare aduwa da magarya domin gawayi ba tare da dasa madadinsu ba, mu auna abin da muke zubawa a ruwa, mu kuma lizimci wanke hannun 'ya'yanmu da sabulu. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya, amin.